Me ya sa mazauna kwarin kogi suke ƙin manyan rukunan gidaje, kuma yaushe ne suke da hujja?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya cewa wani kamfani ya nemi izinin gina gidaje kusan 3,000 a kan gonakin da ke gefen wani kogi a karkara, mazauna ƙauyukan kwarin kuma sun tashi haiƙan suna adawa da aikin. Yana son ya san ko wannan adawa son kai ne kawai irin na wanda ya riga ya sami muhalli ba ya son wani ya samu, ko kuwa tana da tushe, kuma idan tana da tushe, ta wace hanya ce take yin tasiri a gaban hukuma.

Amsata ita ce, a kusan kowace irin wannan taƙaddama ana samun koke iri biyu da suka cakuɗe, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai koken da ya shafi ruwa, wato ina zai bi bayan an rufe ƙasar da ke shanye shi, da kuma wa zai ɗauki nauyin magudanu da tafkuna da gyaran ɓarna bayan kamfanin ya sayar da gida na ƙarshe ya tafi. Wannan koke ana iya auna shi, kuma sau da yawa mazauna wurin ne suke da gaskiya a kansa. Akwai kuma koken da ya shafi kyan gani, da tsoron baƙi, da darajar gidan da mutum ya riga ya mallaka. Wannan na biyun ana iya fahimtarsa a matsayin halin ɗan Adam, amma bai isa ya hana dubban iyalai samun wurin kwana ba. Abin da ya sa kwarin kogi ya bambanta da sauran filaye shi ne, duk abin da aka yi a sama na ƙasa ne zai sha, alhali na ƙasan bai sayar da fili ba, bai karɓi ko kwabo ba, wani lokaci ma ba ya cikin ƙaramar hukumar da za ta yanke hukunci.

Dalilin da ya sa kamfanoni suke son kwari ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar fasa dutse ko yanke tudu, manyan hanyoyi da layin dogo tun asali kwari suke bi, kuma ana sayen filin a farashin gona, wanda yake ninkuwa sau da yawa ranar da izinin gini ya fito. Sai dai abin da ya shimfiɗa ƙasar shi ne kogin kansa, domin fadama laka ce da ruwa ya yi dubban shekaru yana ajiyewa duk lokacin da ya yi ambaliya. Saboda haka wanda ya ga fili mai laushi a gefen kogi, yana kallon shaidar cewa ruwa ya sha zuwa wurin ne.

Lissafin ruwan saman da ke gangara daga sabon gini shi ne ginshiƙin maganar, kuma yana da sauƙin da kowa zai iya bi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan rukunin gidajen ya mamaye hekta 100, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a rana guda, lita miliyan 50 ke nan suka sauka a wurin. Alƙaluman da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka take amfani da su wajen wayar da kai sun nuna cewa a ƙasar da ke da ciyawa da itatuwa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai yake gangara nan take, sauran ya nitse ko ya koma sama. Inda rufi da kwalta da siminti suka rufe kashi 35 zuwa 50 na filin, kamar yadda ake gani a unguwannin zama, abin da ke gangara yakan kai kashi 30, inda kuwa aka rufe kusan komai yakan kai kashi 55. A misalinmu, lita miliyan 5 sun zama miliyan 15. Amma yawan ruwan rabin matsalar ne kawai, domin ruwan da a da yake ɗaukar sa'o'i yana ratsa ciyawa da kunyoyin gona kafin ya isa rafi, yanzu lambatu da bututu za su kai shi cikin mintuna, sai ya tarar da kogin a daidai lokacin da shi ma yake cika. Masanin ruwa Luna Leopold ya bayyana wannan tun a 1968, kuma binciken da aka yi daga baya a kan ƙananan rafuka ya nuna cewa lafiyarsu takan fara taɓarɓarewa, gaɓa ta fara zaizayewa, kifi ya ragu, tun lokacin da abin da aka rufe bai wuce kimanin kashi 10 na yankin da ke zuba musu ruwa ba.

Kamfani zai amsa da cewa zai cike filin da ƙasa ya ɗaga harsashin gidajen sama da matakin ambaliya, ko ya yi jinga a bakin kogin. Wannan yana kare sabbin gidajen, amma ba ya rage ruwan ko da lita ɗaya. Fadama ma'ajiya ce, kuma duk gurbin da aka cike da ƙasa, ruwan da ya saba kwanciya a cikinsa zai nemi wani wuri, wanda galibi shi ne tsohon ƙauyen da ke ƙasa ko gonakin ƙetaren kogi. Shi ya sa ƙa'ida mai kyau take cewa wanda ya cike wani gurbi ya haƙa wani daidai girmansa, a daidai tsayinsa, a kusa da shi. Jinga kuma tana da nata sharrin, wanda Gilbert White, masanin labarin ƙasa na Jami'ar Chicago, ya jawo hankali a kansa tun shekarun 1940: da zarar an gina ta mutane sukan saki jiki su ƙara gini a bayanta, ranar da ruwa ya fi ƙarfinta kuma asarar takan fi wadda za a yi da ba a gina ta ba. Garin La Faute-sur-Mer da ke bakin kogin Lay a Faransa ya ga haka a daren 27 zuwa 28 ga Fabrairun 2010, lokacin da guguwar Xynthia ta turo ruwan teku ya haura jinga ya cika wata unguwa ta sabbin gidaje marasa bene da aka gina a cikin kwari, mutum 29 suka mutu. A 2014 kotu ta yanke wa magajin garin hukuncin ɗaurin shekara huɗu, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta mayar shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka a 2016.

Akwai wata magana da ake yawan yi a tarukan jin ra'ayin jama'a wadda take ruɗar mutane, wato a ce filin ba ya cika sai a ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari. Ma'anarta ta gaskiya ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, kuma idan aka tara wannan a tsawon shekara 30, wanda shi ne wa'adin da mutane da yawa suke biyan bashin gida, yiwuwar takan kai kashi 26, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Sannan taswirar da aka zana iyakar wannan ambaliya a kanta tana dogara ne da ma'aunin da aka ajiye a kogin, wanda sau da yawa tarihinsa bai wuce 'yan gomman shekaru ba. A kwarin Ahr na Jamus, inda fiye da mutum 130 suka mutu a ambaliyar 14 da 15 ga Yulin 2021, an taɓa yin manyan ambaliyoyi a 1804 da 1910, amma lissafin da aka gina taswirorin haɗari a kansa bai haɗa da su ba, domin sun riga kafa ma'aunin zamani. A nan ne ilimin tsofaffin mazauna kwari yake da daraja ta gaske. Alamar da ruwa ya bari a jikin tsohuwar gada, ko hoton da wani ya ɗauka na gonar tana cike da ruwa, hujja ce da injiniya mai gaskiya ba zai yi watsi da ita ba, kuma na sha ganin irin wannan shaida ta tilasta a sake lissafi daga farko.

Misalin Houston a jihar Teksas ya nuna yadda izinin gini yake iya zama daidai a takarda amma ya jefa mutane cikin halaka. A shekarun 1940 rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta gina madatsun Addicks da Barker domin su riƙe ruwa su kare tsakiyar birnin, amma gwamnati ba ta sayi dukan filin da ruwan zai iya mamayewa ba. Daga baya aka gina dubban gidaje a kan ragowar filin, masu saye da yawa ba su san suna cikin tafki ba sai da guguwar Harvey ta zo a Agustan 2017. A Disambar 2019 wata kotun tarayya ta yanke cewa gwamnati ce ke da alhakin biyan diyya ga waɗanda ke bayan madatsun.

Kamfanonin inshora, waɗanda ba su da ruwa da kyan gani ko tsoron baƙi, sun daɗe da yanke nasu hukuncin. A Birtaniya an kafa tsarin Flood Re a 2016 domin sauƙaƙa kuɗin inshorar gidajen da ke cikin haɗarin ambaliya, amma da gangan aka cire duk gidan da aka gina daga 1 ga Janairun 2009, don kada tsarin ya zama abin ƙarfafa gini a fadama. Wanda ya sayi sabon gida a irin wannan wuri shi kaɗai zai fuskanci kasuwar inshora, kuma wannan yana nuna cewa waɗanda za su shiga sabbin gidajen ma suna cikin waɗanda adawa mai hujja take karewa.

Bayan ruwan sama akwai ruwan da mutane suke sha da wanda suke zubarwa. Gidaje 3,000 suna nufin mutum wajen 7,000, kuma idan kowa yana amfani da lita 140 a rana, kamar yadda ake yi a Ingila, kusan lita miliyan ɗaya ke nan da za a ɗebo daga kogi ko daga ƙarƙashin ƙasa kullum, sannan a mayar da mafi yawansa a matsayin ƙazantaccen ruwa ga matatar da aka gina don ƙauye. Ƙaramin kogi a lokacin rani ba shi da ruwan da zai narkar da wannan. A kwarin kogin Lugg, wanda ke zuba cikin kogin Wye a gundumar Herefordshire ta Ingila, an dakatar da ba da izinin sabbin gidaje a 2019 saboda sinadarin fosfet ya wuce iyaka a ruwan kogin, kuma zuwa Maris 2022 ƙa'idar cewa sabon gini kada ya ƙara wa kogi gishirin taki ta shafi hukumomin tsara ƙasa 74 a Ingila. Amma a nan adalci yana buƙatar a faɗi abin da masu adawa ba sa son ji: a yankin Wye kaso mafi girma na fosfet ɗin daga noma da kiwon kaji yake fitowa, ba daga gidaje ba. Wanda ya tsaya a taro yana kare kogi daga sabbin maƙwabta, wani lokaci gonarsa ce ta fi gurɓata shi.

Maganar hanya da makaranta da asibiti gaskiya ce, musamman inda kwari yake da hanya ɗaya da gada ɗaya, amma kuɗi suna magance ta idan an tilasta a kashe su a kan lokaci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa zai biya. Nazarce-nazarcen da ƙungiyar American Farmland Trust ta tattara daga ƙananan hukumomi da dama a Amurka sun nuna cewa a kan kowace dala ɗaya ta haraji da unguwar zama take kawowa, hukuma takan kashe fiye da dala ɗaya wajen yi mata hidima, alhali gona ba ta cin ko rabin abin da take biya. Don haka alkawarin cewa sabbin gidaje za su cika asusun hukuma yana buƙatar a bincike shi da kyau.

Inda na fi ganin ana yaudarar al'umma shi ne batun kula da kayan aikin ruwa bayan an gama gini. A zane, tafkin riƙe ruwa da ramukan ciyawa da kwalta mai shanye ruwa suna iya mayar da gudun ruwan kusa da yadda yake kafin gini, kuma idan an yi su da kyau suna aiki. Sai dai tafki yana cikewa da laka, bakin bututu yana toshewa da shara, kuma bayan shekara goma sha biyar kamfanin da ya gina ya tafi, ko an rushe reshen da ya sa hannu a yarjejeniya, an bar aikin a hannun wani ƙaramin kamfanin kula da unguwa wanda mazauna suke biya ba su san me yake yi ba. Yankin Wales na Birtaniya ya ɗauki mataki a Janairun 2019, inda ya wajabta a sami amincewar wata hukuma ta musamman kan tsarin magudanar ruwa kafin a fara gini, hukumar kuma ta karɓi kulawar idan tsarin yana yi wa fiye da gida ɗaya aiki. Hausawa suna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a wannan sana'a askin shi ne kuɗin kulawa na shekaru masu yawa, wanda ya kamata a ajiye a hannun wata hukuma tun kafin a aza tubalin farko.

Duk da haka, mai tambaya yana da gaskiya da ya yi zargin son kai, kuma bai kamata a share zargin ba. Wasu malaman Jami'ar Boston, Katherine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer, sun bi bayanan tarukan tsara ƙasa na garuruwa 97 da ke kewayen Boston, suka gano cewa masu tashi su yi magana sun fi zama manya a shekaru kuma masu gidan kansu, sannan kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai na maganganun suke goyon bayan sabon gini. Matashin da ya bar ƙauyen don ya kasa samun ɗaki, da ma'aikaciyar jinya da ke tafiya mai nisa kullum zuwa aiki, ba sa cikin zauren, kuma babu wanda yake ƙirga su. Ƙauyen da ya ƙi kowane gini yakan tsufa, makarantarsa ta rasa yara, gidajensa su koma hannun masu zuwa hutu. Gwajin da nake yi wa kowace ƙungiyar adawa guda ɗaya ne: a tambaye ta ina ta yarda a gina. Wadda take kare kogi za ta nuna tudu, ko tsohon filin masana'anta, ko gefen gari inda bututu da hanya suka riga suka kai, ko ta ce a rage yawan a ja da baya daga gaɓa. Wadda ta ce babu ko'ina, to kogin hujja ce kawai ta aro.

Ya kamata kuma masu adawa su san cewa manyan ayyuka ba kasafai ake kashe su gaba ɗaya ba. Newhall Ranch, aikin gidaje kimanin 21,500 a gefen kogin Santa Clara a gundumar Los Angeles ta Kaliforniya, ya sami amincewar gunduma a 2003. Ƙungiyoyin muhalli da na 'yan asalin yankin suka yi ta shari'a, har a Nuwambar 2015 Kotun Ƙolin jihar ta soke nazarin tasirin muhallin aikin saboda rauni a lissafin iskar da ke ɗumama duniya da kuma shirin kama wani ƙaramin kifi da doka ta hana taɓawa a sauya masa wuri. Amma a 2017 yawancin masu ƙarar suka sasanta a kan kuɗi kimanin dala miliyan 25 na kare muhalli da wasu sauye-sauye a tsarin, gini kuma ya ci gaba. Abin da shekarun gwagwarmaya suka samar shi ne aiki mai sharuɗɗa masu tsauri, kuma a ganina wannan nasara ce, ko da yake wasu daga cikin masu adawar ba su ɗauke ta haka ba. A wani ɓangaren, Holan ta nuna cewa hukuma tana iya juya akalar da kanta. Bayan an kwashe mutum kusan 250,000 a ambaliyar 1995, ƙasar ta yi ayyuka a wurare fiye da 30 na faɗaɗa wa koguna hanya, kuma a birnin Nijmegen an ja jingar kogin Waal baya da mita 350, aka rushe gidaje wajen 50 don ruwa ya sami wurin wucewa.

Game da yadda adawa take tasiri, dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin Ingila yana nuna abin da ake samu a wurare da yawa. Manufar tsara ƙasa ta 2012 ta ce kafin a yarda da gini a yankin ambaliya sai an nuna cewa babu wani fili mai ƙarancin haɗari da zai iya ɗaukar aikin, kuma wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa ga mai koke. Amma ma'aunin bai daidaita ba, domin idan an hana kamfani izini yana da damar ɗaukaka ƙara, idan kuwa an ba shi, maƙwabta ba su da wannan dama, sai dai su je kotu cikin mako shida su nuna an saɓa ƙa'ida wajen yanke hukuncin, ba wai hukuncin bai yi musu daɗi ba. Haka kuma ƙaramar hukumar da ta kasa nuna tana da filayen gina gidaje na shekara biyar masu zuwa, hannunta yakan yi rauni wajen ƙin kowane aiki, wanda ke nufin ƙin ƙananan ayyuka masu kyau a yau yana iya buɗe wa babban aiki maras kyau hanya gobe.

Saboda haka shawarata ga mazauna wannan kwari ita ce su rage ƙarfin da suke sawa a tara sa hannu, domin takardar koke mai suna dubu da ke cewa ba ma so ba ta kai nauyin shafi biyar da suka nuna kuskure a nazarin ambaliyar kamfanin ba. Su nemi wannan nazari su ba injiniyan ruwa mai zaman kansa ya duba wane ruwan sama aka yi lissafi da shi, ko an ƙara kaso saboda sauyin yanayi, ko an auna ruwan ƙarƙashin ƙasa a lokacin damina ko kuwa da rani aka haƙa ramukan gwaji, da kuma ko hanyar fita daga unguwar za ta kasance a buɗe ranar da kogin ya cika. Su tambayi hukumar ruwa a rubuce ko matatar da ke akwai za ta ɗauki ƙarin, su kuma jawo ƙauyukan da ke ƙasan kogin cikin maganar ko da suna wata ƙaramar hukuma. Idan alamu sun nuna za a ba da izini, su matsa a rubuta cikin sharuɗɗa cewa ba za a shiga gida na ɗari biyar ba, misali, sai an gama faɗaɗa matata da gyaran gada, domin alkawarin da ba a ɗaure shi da adadin gidaje ba yakan zama na ƙarshe da ake cikawa. Mafi yawan wannan aiki kuma ya fi amfani tun lokacin da hukuma take zana taswirar filayen da za a keɓe wa gidaje, shekaru kafin wani kamfani ya shigar da takarda, domin da zarar an sa fili a cikin wannan taswira, abin da ya rage a tattauna shi ne yawan gidajen da sharuɗɗansu.